Sammacin da Na Kafa a Jikin Rimi

Kwanan baya ina zaune a rumfar mai shayi da ke kallon ƙofar kotu a Yelwa, sai na ji samarinmu na yanzu, masu kai sammaci a kan babur, suna cewa aikinsu ba aiki ba ne, yawo ne da albashi. Wai ka karɓi takarda, ka buga wa mutum waya ka ji inda yake, ka miƙa masa, ka dawo ka nemi inuwa. Ban tanka musu ba a lokacin, don bakina cike yake da burodi. To ga amsata yanzu. Na yi masinjan kotu a ƙasar Yawuri tun kafin a sauke tutar Bature har ranar da gwiwoyina suka ƙi keke, kuma ban taɓa ganin aikin da ya fi wannan sauƙin ɓatawa ba.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne, Baba Sanda, masinja tun zamanin da ake kai saƙo a ƙafa. Ranar da na fara, ya shimfiɗa mini kayan aiki a kan tabarma: jakar fata mai marfi biyu don ruwan sama, ɗan gwangwanin tawada na dangwala yatsa, ƙaramar guduma da ƙusoshi, famfon keke, sai ƙullin gumba. Na tambaye shi gumbar ta mece ce, tunda duk inda muka je za a ba mu abinci. Ya dube ni kamar na zagi wani. Ya ce masinja ba ya cin tuwon mai ƙara, ba ya cin na wanda ake ƙara, ruwa kawai yake sha, shi ma a tsaye. Na yi shekaru ina bin bayansa, shi a kan keke, ni ina tura nawa a yashi, kafin ya yarda ya bar ni in kai takarda ni kaɗai.

Dokokinsa ba a rubuce suke ba, amma sun fi na ofis tsauri. Ba a ba mutum sammaci a masallaci ko a coci. Ba a ba shi a wurin zaman makoki, ba a ba shi a gaban surukansa. Ka ja shi gefe, ka karanta masa da bakinka, don yawancin mutanenmu a lokacin baƙi da farin takarda duk ɗaya ne a wurinsu. Ka faɗa masa wanda ya kai shi ƙara, da a kan me, da ranar zuwa. Ranar ma ba da kwanan wata za ka faɗa ba, sai ka ce kasuwa ta biyu daga yau, washegari da hantsi. Sannan ka sa ya maimaita maka. In bai maimaita daidai ba, to ba ka kai ba tukuna, ko da ya dangwala yatsunsa goma.

Akwai wani manomi a kan duwatsu, wajen Ngaski, da na kai wa takarda a kan rikicin awaki. Da ya hango kakina daga nesa, sai ya haye rumbu ya ja murfi. Na jingine keke, na zauna a gindin rumbun, na ciro gumbata na dama, na fara ba rumbu labarin wanda ya kai shi ƙara. Can da rana ta take, zafi ya ishe shi, sai na ji murya daga ciki tana cewa ƙarya ne, akuyar ce ta fara shiga gonarsa. Na ce masa madalla, wannan maganar ita alƙali yake son ji, amma ba zai jiyo ta daga cikin rumbun dawa ba. Ya sauko yana gumi, ya karɓa, ya zo kotu, kuma shi ya yi nasara.

A shekarar da aka sami mulkin kai, rediyo ba shi da magana sai ta tsarin mulki. Akawuna suna ta muhawara a baranda, wai yanzu akwai littafi da ya fi kowa, har wanda ke bisa kujera a ƙarƙashinsa yake, wai akwai kotu a Ikko da in ta yi magana babu mai ƙarawa. Baba Sanda yana gefe yana liƙin tayar kekensa. Da suka watse ya ce mini, shi bai iya karanta littafin ba, amma an karanta masa wurin da ya shafe mu, inda aka ce ba za a yanke wa mutum hukunci ba sai an ba shi dama ya yi magana. Ya ce to wa zai gaya wa mutumin ya zo ya yi maganar? Mu ne. In masinja ya ce ya kai alhali bai kai ba, ƙaramin alƙali zai hau kan wannan ƙaryar, babba ya hau kan ƙarami, har a kai Ikko ana gini a kan rami. Bai daɗe bayan haka ba ya ajiye aiki, ya bar mini gudumarsa.

Mummunar shekara a sana'armu ita ce shekarar da aka toshe kogi a Kainji, ruwa ya hau. Kafin nan na san ƙasar nan kamar tafin hannuna. In aka ce wane na gungu kaza, wato tsibiri kaza a cikin kogi, na san mashigin da zan sami jirgi, na san itacen da ke ƙofar gidansa. Da ruwa ya zo, tsibiran suka nutse, aka kwashe mutanensu zuwa sababbin garuruwa masu ɗakunan siminti iri ɗaya, layi-layi, waɗanda ko mai ɗakin sai ya ƙirga kafin ya gane nasa. Ƙararraki kuwa suka yi yawa har magatakarda yana ɗaure su da igiya. Kusan duk a kan ƙasa ne, don an kawo mutanen ruwa an zaunar da su a kan gonakin mutanen tudu, kowa kuma yana da tasa gaskiyar.

A cikin irin waɗannan aka ba ni sammacin wani mai suna Tanko, manomin albasa, mutumin wani tsibiri da ya nutse. Mai ƙara wani ɗan kasuwa ne na Yelwa, Alhaji Mamman, wanda ya ce fadamar da Tanko yake nomawa a bakin sabon ruwa gonar kakansa ce. Ba mugun mutum ba ne Alhaji Mamman, kuma ba ƙarya ya shirya ba, akwai tsofaffin da suka san kakan nasa a wurin. Amma wannan fadamar ita ce duk abin da Tanko ya samu a madadin tsibirinsa. In ta tafi, ba shi da inda zai kafa fartanya.

Na isa sabon garinsu da hantsi. Tun daga bakin hanya na ga mata suna kwashe tabarmi, maza suna sulalewa ta bayan ɗakuna. Ban yi mamaki ba. Duk mai kakin da ya zo musu a 'yan shekarun nan, ko haraji ya zo karɓa, ko ya zo ƙirga su, ko ya zo ce musu su tashi. Don haka suka yi shawara a tsakaninsu cewa duk wanda mai kaki ya zo nema, ba a san shi ba. Na tambayi wani tsoho mai gyaran taru, ya ce shi baƙo ne. Na tambayi wani, ya nuna mini kunnensa. Mai gari kuwa babu, don tsibirai daban-daban aka haɗa wuri guda, kowanne da nasa shugaba, kuma ba wanda ya yarda takardar gwamnati ta taɓa hannunsa.

A ƙarshen wani layi na ga albasa an shanya a ƙofar ɗaki, da wata mace tsaye ta cika ƙofar da jikinta. Daga baya na san sunanta Kande, matar Tanko ce. Na yi sallama, na gaishe ta.

"Inna, Tanko nika nema, mai albasa."

"Ba mu da mai wanga suna."

"Inna, ba haraji na ba, ba kuma tashi za a sa ku yi ba. An kai shi ƙara bisa gonatai ta bakin ruwa. In bai zo ba, ana iya ba wani ita."

"Haka waɗancan ma sunka ce, ba komi na ba," in ji ta. "Ga mu nan inda ba komi yak kawo mu."

Na san ƙarya take yi, ta san na sani. Na koma tsakiyar gari na tsaya, na karanta takardar da ƙarfi, da Hausa, na maimaita, yadda ko wanda ke bayan bango zai ji. Awaki ne kawai suka tsaya saurare. Na koma wata rana da asuba, na sake komawa da la'asar, amsa ɗaya. Ba na iya kutsawa ɗakin matar mutum, ba na kuma iya dangwala yatsan wani a madadin nasa.

Na dawo na faɗa wa alƙali abin da ke nan, har da cewa a ganina mutumin yana garin, ɓoye shi ake yi. Alƙalin mutum ne mai tsoron Allah, amma ƙararraki sun kai masa wuya, mai ƙara kuma kullum yana bakin ƙofa. Ya sa aka duba ƙa'ida. Ƙa'ida ta ce in an nemi mutum an rasa, a manna takardar a ƙofar gidan da aka san shi da shi na ƙarshe. Sabon gari sun ce ba su san shi ba, saboda haka gidan da kotu ta sani shi ne na tsibiri. Na ce, ranka ya daɗe, gidan yana ƙarƙashin ruwa. Ya shafa gemu, sannan ya ce in je in kafa ta a kan abin da ya rage na gidan, in dawo in faɗi abin da na yi ba ƙari ba ragi.

Na ɗauki hayar jirgin wani Basarke, irin masuntan kogin nan, da ya saba sayen albasa a tsibirin. Ya san gidan, don akwai wani ƙaton rimi a ƙofarsa. Muka yi ta tuƙi a kan ruwan da bara waccan gonakin gero ne. Babu komai sai kawunan itatuwa da suka bushe, da tsuntsaye a kai. Da muka isa, ya kama reshe ya riƙe jirgin, ni kuma na miƙe tsaye, na ciro gudumar Baba Sanda, na kafa takardar a jikin rimin da ƙusa. Sannan, don haka aka koya mini, na karanta ta da ƙarfi: sunan mai ƙara, da abin da ake ƙara a kai, da ranar zuwa. Basarken ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "To malam, mu jira shi maimaita, ko mu tahi?" Ban ji daɗin aikin ranar ba, amma na rubuta shi yadda ya faru, har da rimin, har da ruwan.

Ranar zama ta zo, aka kira Tanko a ƙofar kotu, ba Tanko. Alhaji Mamman ya kawo shaidunsa, aka ji su, aka ba shi gona. Bayan ɗan lokaci, albasa ta kusa cira, sai ya tura 'yan ƙodago da ɗan doka suka shiga fadamar. A ranar ne sabon gari suka gane abin da takardar nan take nufi.

Washegari na fito daga ofis sai ga Kande a bakin baranda, ƙafafunta duk ƙura, ga wani dogon mutum siriri a bayanta yana riƙe da hularsa.

"Kai na kaz zo," in ji ta.

"Ni na, Inna."

"To ga shi. Ran da kaz zo shina cikin ɗaki, bayan tulu. Ni nac ce mai kada shi motsa."

Tanko kuwa ƙasa yake kallo. Na gaya musu abin da aikina ya yarda in faɗa, cewa alƙali ba ya iya warware hukuncin da ya riga ya sa wa hannu don kawai an zo ana kuka, amma akwai kotun da ke sama da shi, ana kai mata kuka, ana kiran abin ɗaukaka ƙara. Wani malamin makaranta na garinsu ya rubuta musu. Daga nan ban sake jin labarinsu ba har damina ta wuce, har sai da ni ma aka kawo mini sammaci. Wani masinja ne daga Sakkwato, ya ja ni gefe, ya karanta mini, ya sa na maimaita. Na ce a raina wannan ya sami malami.

Ban taɓa shiga babbar kotu ba sai ranar. Lokacin soja ne ke mulki, mutane da yawa suna cewa ai littafin nan na tsarin mulki an naɗe shi an sa a akwati. Amma ga alƙalai a zaune bisa dakali, na tsakiya da farin gashin nan nasu a ka, na gefensa malami ne da rawani. Aka rantsar da ni. Na tsakiya ya tambaye ni ta bakin tafinta inda na kai takardar, na faɗa. Ya tambayi zurfin ruwan a wurin, na ce gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa ba. Sai ya cire tabarau ya ce, a lokacin da nake kafa ƙusar, ina tsammanin mutumin zai gani? Na ce, ranka ya daɗe, sai dai in wani kifi ya kai masa labari. Aka yi dariya a baya, shi bai yi ba.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Tafinta ya juya mana shi a hankali. Alƙalin ya ce ƙa'idar manna takarda a ƙofa an yi ta ne don mutum ya dawo gida ya gani, ba don kotu ta sami abin rubutawa ba. Ya ce mutanen garin sun yi kuskure da suka ɓoye shi, amma kuskurensu ba ya mai da ruwa gida. Ya ce babbar kotun ƙasa ta sha nanata cewa shari'ar da aka yi ba a sanar da mutum ba, kamar ba a yi ta ba ce, komai kyan shaidun da aka kawo, kuma ba ya cewa Alhaji Mamman ba shi da gaskiya, cewa yake ba a ji ɗaya ɓangaren ba tukuna. Malamin mai rawani ya ƙara da cewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don a littattafanmu ma alƙali ba ya rufe shari'a sai ya juya ya tambayi mutum ko yana da sauran magana. Aka rushe hukuncin, aka ce a sake daga farko a gaban wani alƙali.

Sake shari'a yana nufin sabon sammaci, kuma ni aka ba. Na shiga sabon garin da kakina kamar kullum. Tsohon nan mai gyaran taru yana ganina ya buɗe baki zai ce shi baƙo ne, don bakin ya riga ya saba, sai muryar Kande ta taso daga ƙarshen layi: "Ku ƙyale shi! Ga Tanko nan, ga shi nan zamne!" Na ja shi gefe, na karanta masa, ya maimaita mini ranar ba kuskure, ya karɓi takardar da hannu biyu.

A kotu, mutumin da na ɗauka ba ya magana ya yi magana tun hantsi har aka kira azahar. Ya faɗi yadda aka auna musu fadamar, da wanda ya nuna masa iyaka, da yadda ya sare ƙaya ya ɗebe duwatsu. Sabon alƙalin bai katse shi ba. Ya ɗage zama, ya je ya ga wurin da idonsa. Ashe gonar kakan Alhaji Mamman ta tsaya ne a wata tsohuwar kuka, daga nan zuwa sama. Abin da ke ƙasa da kukar, inda ruwa ke janyewa da rani ya bar danshi, daji ne da ba mai shi kafin a ba Tanko. Aka ba Alhaji tudun, aka bar wa Tanko gangaren, wanda dama nan albasa take yi. Albasar shekarar da ta wuce kuwa an riga an ci, ba wanda ya dawo masa da ita. Kafin a rufe, alƙali ya tambayi kowannensu ko yana da sauran magana, kowa ya ce babu.

Da aka fito, Tanko ya tsaya kusa da kekena yana juya hula. Ya ce yana da roƙo guda, in kai shi inda na kafa takardar farko. Tun ranar da aka kwashe su bai koma ba, ko kamun kifi ya fita ba ya bi ta wajen. Ba ya cikin aikina, amma ranar hutu na nemo Basarken nan, muka tafi mu uku.

Rimin yana nan, ya yi fari, ɓawonsa ya zube. Takardar babu ita, amma ƙusar tana nan ta yi tsatsa, da ɗan guntun farin abu a maƙale a wuyanta. Tanko ya kama reshe, ya taɓa ƙusar da yatsa, sannan ya leƙa cikin ruwan ya daɗe yana kallo. Ya dubi gabas, ya dubi wani kan itace da ke can gefe, kamar mai awo.

"Ba ka yi kuskure ba, masinja," in ji shi. "Daidai bisa ƙofa kak kafa ta."

Na ce masa ranar har karantawa na yi, da sunansa da komai. Ya tambaye ni ko na tuna yadda na faɗa. Na ce wannan ba a mantawa. Ya ce to in sake. Na miƙe tsaye a cikin jirgin, ba takarda a hannuna, na kira sunansa yadda ake kira a ƙofar kotu. Basarken bai yi ba'a ba wannan karon.

Tanko ya gyara hularsa, ya dubi ruwan da ke kan gidansa, ya ce, "Na'am. Ga ni."